Yadda Ake Kafa Sashen Ba Ɗalibai Shawara a Sakandare Har Ya Yi Aiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. A ɗauki wannan lissafi a kai shi makarantar gwamnati a Rigasa ko Kawo, cikin garin Kaduna, mai ɗalibai 1,400, sai a ga yara 200 ake magana. Malamin shawara ɗaya, ko an sauke masa dukan darussa, ba zai wuce zama da yara 5 ko 6 a yini ba in dai zaman kirki ake so. Ke nan saka allo a ƙofar wani ɗaki a rubuta ofishin shawara bai isa ba. Abin da makaranta za ta iya abu huɗu ne: ta lura da yaron, ta saurare shi, ta miƙa shi inda ya dace, ta bi sawunsa. Ba asibiti ba ce, kuma kada ta mai da kanta asibiti.

Mataki na farko: wa za a ba aikin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa wa malamin ladabtarwa wannan aiki, wai don shi ya fi sanin yaran da ke da matsala. Hannun da ke riƙe da bulala da safe ba shi yaro zai buɗe wa ciki da rana ba. A raba ayyukan biyu tun daga ranar farko, kuma kada a riƙa tura mai laifi ofishin shawara a matsayin horo, don cikin zango ɗaya ɗalibai za su sa wa ɗakin suna ɗakin masu laifi, yaro mai kunya kuwa ba zai ƙara bi ta ƙofar ba.

In makaranta tana da wanda ya karanci fannin ba da shawara a jami'a ko kwalejin ilimi, shi ne kan gaba, kuma a rage masa darussa a rubuce, a cikin jadawali. Sau da yawa akwai irinsu a makaranta, sai dai an ɗora musu koyar da Turanci ko ilimin zaman jama'a. In babu, a zaɓi malamin da yara suka riga suka saba zuwa wurinsa da kansu, a nema masa horo ta hannun ma'aikatar ilimi ko ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON. A makarantar da ke haɗe da maza da mata dole a samu mutum biyu, malami da malama. Akwai maganar da budurwa 'yar shekara 15 ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da mahaifinta ne. Ɗan bautar ƙasa zai iya taimakawa da darasi a aji, amma kada a danƙa masa yara masu matsala mai nauyi, domin shekara na cika zai tafi da sirrinsu da shaƙuwarsu.

Na biyu: ɗaki da takardu

Ɗakin ya yi nesa da ofishin shugaban makaranta da ɗakin malamai. Kujera biyu iri ɗaya, ba tebur a tsakani, da ruwan sha. Taga ko ƙofa ta kasance yadda mai wucewa zai hango mutum biyu a zaune amma ba zai ji abin da suke faɗa ba. Wannan kariya ce ga ɗalibi da malamin baki ɗaya. A sa akwatin saƙo mai kwaɗo a wurin da kowa ke bi, kamar bakin laburare, a riƙa buɗe shi kullum. Akwatin da ake buɗewa mako-mako haɗari ne, don wata takardar ba ta jiran kwana bakwai.

Littafi biyu ake buƙata. Ɗaya na sunaye da lambar da aka ba kowane yaro, ɗaya na bayanin zama wanda lamba kawai ke ciki. Su zauna a kabad mai makulli, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Kada a ajiye bayanin yaro a wayar hannu, balle a jefa shi a zauren WhatsApp na malamai.

Na uku: a share hanyar asibiti tun ba a buƙace ta ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sanar da ɗalibai cewa an buɗe sashen, malamin shawara da shugaban makaranta su taka da ƙafarsu zuwa wuraren da za su riƙa tura yara, su san ranakun ganin likita, kuɗin kati, da lambar wani ma'aikaci da zai ɗaga waya.

A cikin garin Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Makarantun Zariya da kewaye sun fi kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ke da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Don fyaɗe da cin zarafi akwai cibiyoyin Salama, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da babban asibitin Kafanchan. A haɗa da ƙaramin asibitin da ya fi kusa da makaranta, da lambar gaggawa ta 112, a rubuta duka a takarda ɗaya, kwafi a ofishin shugaba, kwafi wurin uwar ɗakin kwana.

Sai kuɗi. Sau da yawa in an tura yaro asibiti bai isa ba, kuɗin mota da na kati ne suka hana, ba taurin kan iyaye ba. A nemi kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ko ƙungiyar iyaye da malamai su ware wani ɗan abu kowane zango don wannan kaɗai.

Na huɗu: a koya wa malaman aji gani

Malamin aji ne ke kiran suna kowace safiya, shi ya sa idonsa ya fi na kowa amfani. Zama biyu na awa bibbiyu a farkon shekara sun isa a nuna musu abin da za su lura da shi. Abin nema shi ne canji, ba hali ba. Yaron da Allah ya yi shi mai shiru-shiru ba shi ne abin damuwa ba. Wanda ke cika aji da surutu a zangon farko, ya dawo zango na biyu ya koma benci na ƙarshe ya kifa kai, shi ne. Haka yarinyar da makinta ya faɗi warwas, ko mai fashin Litinin-Litinin, ko mai yawan kukan ciwon kai da ciwon ciki alhali an auna ba a ga komai ba, ko wanda ke sa rigar sanyi a zafin Afrilu don rufe raunin da ya yi wa kansa a hannu. A wajen samari ciwon damuwa ya fi fitowa da fushi da neman faɗa fiye da kuka, kuma irinsu ne ake zanewa a asambili a ce sun kangare.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi a ciwon damuwa shi ne mako 2: baƙin ciki ko rashin sha'awar abin da yaro ya saba so, kusan kullum, har ya taɓa karatunsa, barcinsa ko cin abincinsa. Amma kafin a kira abu damuwa a tambayi abubuwan fili. Ya karya kumallo? Yana ganin allo daga inda yake zaune? Talla ko garejin da yake zuwa bayan an tashi, ƙarfe nawa yake dawowa? Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma yaron da ke kwana kan waya har ƙarfe 2 zai yi kama da mai ciwo. Ƙarancin jini da amosanin jini su ma suna kawo kasala da fashi.

Aikin malamin aji ya tsaya a nan: ya ja yaron gefe, ya ce ya lura da kaza, ya tambaye shi ko zai so ganin malamin shawara. Ba a tsakiyar aji ba.

Na biyar: zaman farko

Minti 30 zuwa 40 ya isa. Kafin yaro ya ce uffan, a gaya masa iyakar sirri, da kalmomin da zai gane: "'Yata, abin da kika faɗa mini a nan zai tsaya, ba zan kai shi ɗakin malamai ba. Sai abu uku: in ranki yana cikin haɗari, ko wani yana cutar da ke, ko ke za ki cutar da wani. Ko a nan ma, ke zan fara gaya wa kafin in gaya wa kowa." Malamin da ya yi rantsuwa cewa ba wanda zai ji, daga baya dole ta sa ya kira iyaye, ya rasa wannan yarinya da duk ƙawayenta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma a faɗi inda cikin ya tsaya.

Daga nan a fara da mai sauƙi a gangara zuwa mai wuya: gida da wanda take zaune wurinsa, makaranta, ƙawaye, barci da abinci, sannan shaye-shaye, soyayya, da yanayin zuciya. Malami ya yi magana kashi ɗaya, ɗalibi kashi uku. In ta yi shiru a bar ta, shirun ma magana ce. Abin da ke rufe bakin yaro nan take sananne ne: "Ke da me kika rasa?", "Rashin godiyar Allah ne", "Mu a zamaninmu..." Nasiha da addu'a suna da muhallinsu, kuma yara da yawa suna samun sauƙi da su, amma in suka riga sauraro shigowa, yaro yana jin su ne kamar an ce masa ya yi shiru.

Akwai tambayar da malamai ke tsoro, kuma dole a yi ta ga duk yaron da ya nuna alamar damuwa mai tsanani: "Ɗana, wani lokaci in abu ya yi wa mutum yawa yakan ji gara ma ba ya duniya. Ka taɓa jin haka? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna yin tambayar ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A yi ta da murya irin wadda aka tambayi barci da ita, ba tare da zare ido ko salati ba.

Wanda ya samu horo zai iya amfani da takardar auna alamun ciwon damuwa mai suna PHQ-9, tambayoyi 9, maki daga 0 zuwa 27. Maki 10 zuwa sama yana nuna a duba da kyau, kuma duk amsar da ba sifili ba a tambaya ta 9, wadda ke kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, ana bin ta a ranar. Takardar ba ta yanke hukuncin ciwo. Kuma kada a raba ta ga makaranta gaba ɗaya in ba a shirya wa abin da zai fito ba. Tono yara 150 masu buƙata a bar su ba mai gani ya fi rashin tambayar muni.

Kada yaro ya fita hannu rabbana. A zaɓi matsala ɗaya tak, a jera hanyoyi uku ko huɗu tare da shi, shi ya zaɓi wadda zai gwada kafin mako mai zuwa. Mai fargabar jarrabawa a koya masa numfashi: ya ja a hankali yana ƙirga 4, ya saki yana ƙirga 6, na minti 3, ya riƙa yi kullum tun kafin ranar WAEC, don ranar ba ranar koyo ba ce. Mai damuwa a sa shi ya koma ga abu ɗaya da ya bari, ƙwallon yamma ko zuwa islamiyya ko ƙungiyar mawaƙan coci, ko da bai ji sha'awa ba. Sha'awar takan biyo bayan motsi. Zama 4 zuwa 6, mako-mako. In ba canji, ko abin ya ƙaru, a tura asibiti.

Na shida: abin da ba ya kwana

Yaron da ya ce yana da niyya kuma ya tsara yadda zai yi, ko ya riga ya gwada: ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, ko banɗaki zai je. A kira iyaye su zo makaranta, kada a ce ya tafi gida ya kira su. A kai shi asibiti a ranar. A gaya wa iyaye ƙarara su kulle maganin ƙwari, maganin ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan, domin irin wannan yunƙuri sau da yawa na ɗan lokaci ne, kuma in abin ba ya kusa lokacin yakan wuce. In ya riga ya sha wani abu, ba a ba shi manja ko madara, ba a sa shi amai. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa. Bayan an sallame shi a gan shi cikin kwana 3, don makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari.

Fyaɗe: agogo ne ke aiki. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana amfani ne in an fara shi cikin awa 72. Kada makaranta ta zauna yin nata binciken, kada a haɗa yarinya da wanda take zargi, kada a yarda da "a rufa asiri a sasanta". In wanda ake zargin a gidan yake, ba gidan za a fara kira ba. Cibiyar Salama da jami'an walwalar jama'a za a nema. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018.

Yaron da ya fara jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana zuba ba kai ba gindi, shi ma na asibiti ne a ranar. In da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, a fara tunanin sanƙarau.

Sai abin da makarantun kwana na 'yan mata suka sani sarai: ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a ankara goma sun zube, a ce iska ce. Ko me mutum ya yi imani da shi game da musabbabin, abin da ke tsayar da yaɗuwar iri ɗaya ne. A janye waɗanda suka faɗi zuwa ɗakuna daban-daban, a watsa 'yan kallo, a hana ɗauka da waya, manya su rage murya. Ma'aikacin lafiya ya duba zazzaɓi, abincin da aka ci, hayaƙin janareta ko fesa maganin sauro a rufaffen ɗaki. Addu'a ko ruƙiyya, in iyaye sun so, a yi wa yarinya ita kaɗai a natse, ba duka ba, ba turnuƙa hayaƙi ba. Daga baya a zauna da wadda ta fara faɗuwa, don sau da yawa akwai wani nauyi a wuyanta: jarrabawa, azabar siniyoyi, ko maganar aure da ake yi a gida. A kuma bambance wannan da farfaɗiya: mai farfaɗiya a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, yawunsa ba ya harbin kowa, in jijjigar ta wuce minti 5 a tafi asibiti.

Na bakwai: iyaye

Kalmar Barnawa kaɗai tana iya rufe maganar, don a kunnen mutane da yawa tana nufin ɗansu ya haukace, in kuma mace ce sai a fara tunanin wa zai aure ta. Don haka kada a fara da sunan asibiti ko sunan ciwo. A fara da abin da su ma suka gani: "Baba, mun lura wata biyu ke nan ba ya barci, ya rame, karatunsa ya ja baya. Ko kun ga haka a gida?" In sun ce ana yi masa rubutu ko an kai shi wurin fasto, ba a musu da su: "Madalla, Baba, a ci gaba da addu'a, a haɗa da likita kamar yadda ake yi in zazzaɓi ne." Abin da ba a sassauci a kansa shi ne ɗaure yaro da mari, duka, ko dakatar da maganin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin mai irin wannan lalura. A gane kuma wanda ke yanke hukunci a gidan. Wani lokaci kaka ce ko kawu, kuma in ba a shawo kansu ba, amincewar uwa ba ta kai yaro ko'ina.

Na takwas: darasi a aji

Yawancin yara 200 ɗin nan ba za su taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, sai dai a same su a aji. Darasi ɗaya na minti 40 a mako, a cikin jadawali, ya fi gagarumin taron shekara-shekara da baƙo mai jawabi. A koyar da sanin sunan abin da mutum ke ji, barci, warware saɓani, yadda ake cewa a'a, da abin da za ka yi in abokinka ya gaya maka magana mai ban tsoro. A sa su wasan kwaikwayo da aikin rukuni. In malami ya karanta musu a allo su kwafa, an ɓata lokaci. 'Yan JSS 1 a ba su makonnin farko kan sabo da sabon wuri da cin zalin manya, 'yan SS 3 kuma a fara da su tun zangon farko kan jarrabawa da abin da za a yi in sakamakon JAMB bai yi daɗi ba.

Kan shaye-shaye, tsoratarwa da hotunan mahaukata ba ta cika aiki ba, don yaron ya san wani a layinsu da ke shan tiramol yana tuƙa Keke lafiya lau. Shirin Unplugged, mai darussa 12, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya kawo makarantun Najeriya tare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ya ginu ne kan koyar da ƙin tayi da gyara zaton cewa kowa na sha. Yaron da aka kama da sholisho ko kodin a tambaye shi me abin ke yi masa. Mai sha don ya samu barci da mai sha don abokai ba hanya ɗaya za a bi da su ba, kora kuwa miƙa shi ne ga 'yan daba.

Makarantun da ke karɓar yaran da suka baro ƙauyukan Birnin Gwari, Chikun ko Giwa, ko waɗanda labarin sace ɗalibai a Kuriga na Maris 2024 ya hana su barci, su kiyaye abu ɗaya: ba a tara yara a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da irin wannan zama na tilas. Abin da ke taimako shi ne jadawalin da ba ya canzawa, sanar da yara kafin a yi wani abu mai ƙara, da barin mai son magana ya yi a lokacinsa. In bayan wata guda yaro yana nan da mugun mafarki da firgita, a tura shi.

Ƙarshen kowane zango a ƙirga abu huɗu, ba suna: yara nawa suka zo, nawa suka zo da ƙafarsu ba turo su aka yi ba, nawa aka tura asibiti, nawa suka isa. In na biyun yana ƙasa, a binciki inda sirri ke yoyo, sau da yawa a ɗakin malamai ne lokacin tara. In na huɗun ne, a koma kan kuɗin mota da kakar da ba a je an gaisar ba. Shi kansa malamin shawara a haɗa shi da wani ƙwararre ko takwaransa na wata makaranta da za su riƙa zama sau ɗaya a wata, su duba matsalolin yaran da suka fi ƙarfinsa, da lambobi a maimakon sunaye.